Waiwaye a Kan Neman Hujja: Ɗaliban Bincike da Laburaren Jami'a Jiya da Yau

Duk wanda ya yi zaman jami'a a ƙasar nan kafin ƙarewar ƙarnin da ya shige, idan yau wata lalura ta mai da shi babban laburaren makarantarsa, abin da zai fara lura da shi tun daga bakin ƙofa shi ne rashin waɗansu manyan akwatunan katako masu ɗaruruwan ƙananan durowoyi, waɗanda a da suke jere a tsakiyar zaure, babu mai shiga neman littafi face ya bi ta kansu. A wani wuri an tura su ƙarƙashin matakala ƙura ta rufe su, a wani wuri an fitar da su ɗungum an jera kwamfutoci a gurbinsu. Ba a yi shelar ranar da aka sallame su ba, amma tafiyarsu alama ce ta babban juyin da ya auku game da yadda ɗalibin digiri na biyu da na uku yake neman hujjar da zai gina kundinsa a kanta, da yadda yake zaɓen abin da zai karanta da abin da zai bari. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, saboda haka ya kyautu mu dubi abin da muka baro, mu auna shi da abin da muka tarar, ba tare da son zuciya ba.

Wanda bai riski wancan zamani ba sai a kwatanta masa. Kowace durowa doguwa ce siririya, a goshinta akwai 'yar takarda mai nuna harafin farko da na ƙarshe na abin da ke ciki, in ka jawo ta sai ƙanshin tsohuwar takarda da na katako ya buge ka. A cikinta katuna ne a tsaitsaye, kowanne inci biyar a tsawo uku a faɗi, an huda su daga ƙasa an zura musu sandar ƙarfe guda don kada wani ya zare ko ya ɓata jerin. An buga kowane kati da tafireta: sunan mawallafi, sunan littafi, garin da aka buga shi, maɗaba'a, shekara, yawan shafuka, sa'an nan a kusurwar hagu lambar da za ta kai ka kantar da yake. Da yake galibin jami'o'inmu tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka suke bi, ɗalibin tarihi ya haddace cewa DT 515 nan ne mazaunin Nijeriya, ɗalibin harshe ya san Hausa tana farawa daga PL 8231, mai nazarin addinin Musulunci kuwa BP yake nufa. Katunan da aka fi taɓawa gefensu ya yi baƙi ya yi laushi saboda yatsun waɗanda suka gabata, har ya zamana da ganin dauɗar kati kana iya gane littafin da malamai suka fi tura ɗalibai gare shi.

Wannan hanya tana da jinkiri, amma a cikin jinkirin akwai tarbiyya. Kafin ɗalibi ya ɗora ido a kan jimla guda ta littafi, ya riga ya rubuta da hannunsa wane ne ya wallafa shi, a ina, kuma yaushe, saboda haka magana ba ta isowa gare shi sai da sunan mai ita. In ya hau bene ya isa kanta, sau da yawa littafin da ya zo nema wani ya ara, amma maƙwabtansa na dama da hagu suna nan, kuma da yake bisa fanni aka jera su, yakan tsinci wanda bai san da shi ba, ya kuwa fi wanda ya zo nema amfani. Daga nan sai ɗakin mujallu, inda ake ɗinke fitowar shekara guda a bango ɗaya mai kauri, da sashen littattafan da ba a ba da aronsu sai na 'yan sa'o'i, da ɗakin kundaye inda ba a yarda a fita da ko ɗaya ba. Fanka tana juyawa a sama, ba ka jin kome sai motsin shafi da tari jefi-jefi, kowa ya duƙufa ga muɗala'a yana kwafe nassi da biro. Da yake kuwa hannu yana gajiya, tilas mutum ya tsaya ya zaɓi abin da ya cancanci kwafa, abin da hannu ya rubuta kuma da wuya ya fita daga zuciya.

Akwai kuma mutanen da suke riƙe da wurin. Kusan kowane laburare yana da wani dattijon ma'aikaci da ya tsufa a tsakanin kantoci, wanda ko da ba shi da digirin da ɗaliban suke nema, ya san kowane littafi da mazauninsa. Sabon ɗalibi yakan zo ya rusuna ya ce, "Baba, don Allah wani abu nake nema a kan jangali, na duba katuna ban ga kome ba." Shi kuwa sai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, jangalin wane lardi, kuma na wane zamani? In na zamanin Turawa kake so, ba a nan yake ba, shirya ka tafi Kaduna. Amma kafin ka tafi zo in nuna maka kundin wani da ya riga ka, ka duba bayansa ka ga fayilolin da ya karanta." Da wannan tambaya guda ya daidaita wa yaro taken bahasinsa, ya rage masa wahalar makonni. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

Zuwa Kaduna kuwa wani rukuni ne na karatun. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke can ake ajiye fayilolin Sakataren Lardunan Arewa da na lardunan kansu, irin su Kano da Sakkwato da Zazzau, da rahotannin da su Di'o suka rubuta a kan gundumomi lokacin yanka haraji. Mutum ya cika takardar buƙata, ya zauna ya jira a ɗauko masa fayil ɗaure da zare. A garin dai akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna bisa jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. A Zariya kuma, ban da Laburaren Kashim Ibrahim, akwai rubuce-rubucen Larabci da na ajami waɗanda shirin binciken tarihin Arewa ya tattara tun shekarun 1960. Manyan ayyukan da har yau ake tinƙaho da su a kan irin wannan wahala aka gina su. Murray Last, wanda littafinsa a kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, zama ya yi a Sakkwato yana karanta rubuce-rubucen da ke hannun Waziri Junaidu, yana sauraren bayaninsa; Yusufu Bala Usman, a kundinsa na 1974 a kan tarihin Katsina, ya haɗa takardu da hirar dattawa gari-gari, yana kuma tuhumar kowace majiya kafin ya karɓi shaidarta.

Wannan ɗabi'a ta tambayar asalin magana mun gaje ta ne daga zaurukan malamai, tun kafin a aza harsashin jami'a ko ɗaya a ƙasar nan. Malaman hadisi sun kafa fanni sukutum na sanin maruwaita, suna bin kowane mai ruwaya su ga wane ne shi, daga wa ya ji, shin sun yi zamani ɗaya, yaya amanarsa, yaya ƙarfin haddarsa, kafin su yanke cewa wannan ingantacce ne wancan mai rauni. A ƙasarmu Shehu Usmanu ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas don neman ilimi, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya wallafa Ida'un Nusukhi takanas domin ya lissafa shaihunan da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gabansu. Almajirin da ya kwafi littafi da tawada da alƙalamin kara ba ya ɗaukarsa kammalalle sai ya yi muƙabalarsa da asalin da ya kwafo, ba ya kuma zama ya karantar da shi sai malaminsa ya ba shi ijaza. Jerin manazarta da ake sawa a ƙarshen kundin jami'a, in an lura, aikin isnadi yake yi: yana gaya wa mai karatu hannayen da magana ta bi kafin ta iso gare shi, domin in ya yi shakka ya koma ya yi tahƙiƙi da kansa.

To, amma duk wanda ya ce wancan zamani alheri ne zalla, ko dai bai yi shi ba, ko kuwa tsufa ya mantar da shi ɗacinsa. Sau nawa kati yake nuna littafi, a je kanta a tarar babu shi! Daga 1986, lokacin da gwamnatin soja ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, naira, wadda kafin nan ba ta gaza dalar Amurka daraja ba, ta yi ta zubewa, har ya zamana a tsakiyar shekarun 1990 farashin gwamnati kansa ya kai wajen naira 22 a kan dala guda, na kasuwa kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Mujallun ilimi na ƙetare da kuɗin waje ake biyansu kowace shekara, saboda haka aka yi ta yanke su ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga jerin mujalla ya taho lafiya shekara da shekaru, ya zo ya tsaya cak a shekarun 1980, bayansa kanta wayam. Ɗalibin likitanci ko na kimiyyar noma yakan rubuta kundi a kan abin da duniya ta daɗe da wucewa, alhali ba raggo ba ne, iyakar abin da hannunsa ya kai ke nan. Lalacewar kayan karatu tana cikin abin da ya sa malaman jami'a suka yi yajin aiki a 1992, wanda ya haifar da asusun harajin ilimi a 1993, shi ne aka sake wa fasali a 2011 ya zama TETFund.

Ƙamfa kuma ta haifar da munanan halaye waɗanda bai kamata a rufe su ba. Akwai ɗalibin da zai ɗauke littafi tilo da ajinsu duka ke nema ya cusa shi a kantar wani fanni, don shi kaɗai ya san inda yake. Akwai wanda zai sa reza ya yanke babin da yake so daga mujalla, na bayansa ya buɗe ya tarar daga shafi na arba'in sai na sittin. Akwai malamin da ya dawo daga Ingila da kwafi ɗaya, ba ya ba da aronsa sai ga wanda ya ga dama. Matar aure mai goyo, wadda ba ta da halin tafiya Kaduna ta kwana ko ta zauna a laburare har a rufe da dare, da malamin makaranta da ke koyarwa a ƙauye mai nisa yana zuwa jami'a ƙarshen mako, sau da yawa a nan karatunsu yake tsayawa, duk da basirar da Allah ya ba su. Wanda ya ɗanɗani wannan ba zai roƙi Allah ya maido da shi ba.

Sa'an nan sai al'amari ya juya, da saurin da ba wanda ya zata. A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, shagunan intanet suka bazu a bakin jami'o'i, inda ɗalibai kan sayi sa'a guda ko su kwana don na dare ya fi araha. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI, wanda ya ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallun likitanci kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. A 2003 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya ta bi sahu da AGORA. A 2004 Google Scholar ya bayyana. A 2006 JSTOR ya yafe wa jami'o'in Afirka kuɗin shiga taskarsa. Ga kuma AJOL mai tattara mujallun Afirka wuri guda. Ɗalibin Larabci da na shari'a ya sami Maktaba Shamila, dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu a cikin kwamfuta guda, yana nemo mas'ala cikin ƙiftawar ido, wadda kakansa zai yi wata yana buɗe mujalladai kafin ya kai gare ta. Wannan ni'ima ce babba, butulci ne a raina ta. Matar nan mai goyo yau tana iya karanta maƙalar da ta fito makon jiya a Landan ko Alƙahira tana zaune a ɗakinta a Gusau bayan yara sun yi barci, babu mai ɓoye mata littafi, babu mai yanke mata shafi.

Amma kowace ni'ima da irin jarrabawarta. Wanda yake duba kundayen ɗalibai a yau, in ya tambaye su yadda suka samo abin da suka kawo, zai ji amsar kusan iri ɗaya ce. Da fari sai a nemi wanda ya riga gamawa a sashen, ya turo nasa kundin da duk abin da ya tara ta WhatsApp ko a fulash. Daga nan sai Google, a buga taken bincike yadda yake, a ɗauki abin da ya fito a shafin farko. A cikin wannan ma wanda ya buɗe kyauta shi ake saukewa, wanda ya nemi kuɗi ko kalmar sirri a tsallake shi. Gajere ya fi dogo farin jini, sabo ya fi tsoho ko da tsohon shi ne tushe. Bilhasali ma'aunin zaɓe ya zama sauƙin samu, inganci ya koma baya. Wannan kuwa ba halin 'ya'yanmu kaɗai ba ne: tun a 1949 wani masani Ba'amurke mai suna George Zipf ya rubuta littafi a kan cewa ɗan Adam hanya mafi ƙarancin wahala yake bi a al'amuransa, kuma masana harkar laburare sun daɗe suna ganin haka ga masu bincike na ko'ina. Bambancin shi ne a da hanya mafi sauƙi ta cikin laburare ta ratsa, inda wani masani ya riga ya tace abin da za a saya a ajiye, yau kuwa ta bayansa ta zagaya.

Abin da wannan ke haifarwa kowane mai duba kundi ya san shi. Ɗaliba ta kawo babi na biyu, babin bitar ayyukan da suka gabata, cike da sunaye da shekaru, malam ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya ce, "Malama, wannan maganar da kika jingina wa wane, a wane shafi na littafinsa kika gan ta?" Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah gafarta Malam, a wani kundi na ga an kawo shi." In aka ɗauko wancan kundin, shi ma daga wani ya kwaso, kuma tun a hannu na biyu aka kuskure shekarar ko aka karkatar da ma'anar, kuskuren ya yi ta tafiya daga kundi zuwa kundi, babu wanda ya koma ga asali. Da malaman hadisi ne da sun ce isnadin ya yanke. Ga kuma mujallun 'yan kasuwa da suka cika intanet, masu manyan sunaye, waɗanda suke buga duk abin da aka aiko musu cikin 'yan kwanaki muddin an biya, ba tare da wani masanin fanni ya duba ba; a fuskar waya kuwa maƙalarsu da ta mujallar da ta shekara ɗari tana tace ayyuka kamarsu ɗaya. Daga ƙarshen 2022, da ChatGPT da ire-irensa suka shiga hannun kowa, sai aka sami sabuwar fitina: na'ura mai iya tsara zance mai daɗi, wadda wani lokaci takan ƙago sunan mawallafi da sunan maƙala da lambar shafi waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba, ɗalibi ya kwashe ya zuba a manazarta da zuciya ɗaya. Manhajar gano satar fasaha, irin su Turnitin, kamannin kalmomi take kamawa, ba ta san ko ɗalibi ya karanta abin da ya ambata ba.

Laburaren fa? Kujerunsa a cike suke, musamman gab da jarrabawa, sai dai abin da ke kawo mutane ya sake. Da yawa wuta suke bi don cajin kwamfuta da waya, da intanet na kyauta, da wurin da babu hayaniya, littattafan da ke bayansu kuwa suna iya shekara ba a taɓa su ba. Abin takaici shi ne laburaren nan da ake yi wa kallon ɗakin caji shi ne yake da izinin shiga manyan taskokin mujallu na duniya, waɗanda aka biya ko aka nemo domin ɗaliban, alhali ɗalibi yana iya shiga ya fita da digirinsa bai taɓa jin sunansu ba, yana can yana roƙon wani a ƙasar waje ya turo masa maƙalar da ke jiransa a saman bene. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Duk da haka adalci ya hana a ɗora wa ɗalibi laifin duka. Bayanin da ake yi wa sababbin ɗalibai a kan laburare sau da yawa na yini guda ne, cikin cunkoso, tun kafin su san abin da za su bincika. Kalmar sirri tana wurin ma'aikaci guda, in ya tafi hutu sai a jira shi. Wuta tana ɗaukewa, intanet yana tafiyar hawainiya, rajistar taska tana ƙarewa ba a sabunta ba. Ɗalibin kuwa galibi ma'aikaci ne mai iyali, barcinsa yake ragewa ya sami lokacin karatu. Wanda ya gaji kujerar dattijon nan mai tabarau ya fi shi takardun shaida da sanin kwamfuta, amma yana zaune a ofis babu mai zuwa, domin yaran ba su san tambayarsa hakkinsu ne ba.

Hasarar da ta fi kowace girma a ganina ita ce wadda ta shafe mu mu kanmu. An wayi gari ɗalibi yana ɗaukar cewa abin da bai fito masa a intanet ba babu shi a duniya, har ya rubuta a babin farko cewa ba a taɓa aiki a kan wannan batu ba, alhali kuwa kundaye a kansa suna kwance a Zariya da Kano da Sakkwato tun kafin a haife shi. Ilimin da ya shafi ƙasar Hausa kaso mai yawa nasa har yanzu a takarda yake: tsofaffin fitowar mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Kano Studies da Savanna, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da fayilolin Kaduna, da takardun tarurrukan ƙara wa juna sani waɗanda aka buga da sitensil, da rubuce-rubucen Larabci da na ajami da ke Gidan Arewa da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai, ban da waɗanda ke cikin gafakar iyalan malamai gara da ruwan sama suna cinsu, ban da kuma abin da ke ƙirjin tsofaffi, waɗanda kullum ake kai ɗaya makwanci. Wanda ya taƙaita ga abin da waya ta ba shi zai san abin da baƙi suka rubuta a kanmu da Turanci fiye da abin da iyayensa suka rubuta a kan kansu, ya zo yana kafa hujja da ɗan yawon buɗe ido a kan garin da aka haife shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

In aka ɗora zamanin biyu a kan mizani, haƙiƙa na yau ya rinjaya ta fuskar samu, kuma babu mai hankalin da zai nemi a koma baya. Ɗalibin da ya san abin da yake yi a yau yana iya aikin da ya fi na malamansa, akwai kuwa masu yi, muna ganinsu. Abin da ya sauya shi ne inda wahalar take. Jiya wahalar ɗalibi samu ce, tacewa kuwa waɗansu sun yi masa mafi yawanta tun kafin ya zo: editan mujalla, da ma'aikacin da ya zaɓi littafin da za a saya, da tsadar bugu ita kanta. Yau hatsi ya zo masa buhu-buhu ba a bakace ba, tsaba da ƙaiƙayi a haɗe, aikin ya koma wuyansa, ba a kuwa koya masa riƙon faifai ba. Tarbiyyar da tsohon tsari yake cusawa a kan tilas, ba tare da kowa ya yi niyya ba, yanzu sai an zauna an karantar da ita da gangan.

Saboda haka kirana ga hukumomin jami'o'i shi ne su mai da neman majiya da tantance ta darasi na wajibi a zangon farko na karatun gaba da digirin farko, ma'aikatan laburare su koyar da shi tare da malaman sashe, a kan ainihin taken da kowane ɗalibi yake bincike. Su kuma ware kuɗi a ɗauki hoton kundaye da tsofaffin mujallunmu da rubuce-rubucen ajami, a sa su inda mai nema zai gan su, tun gara ba ta riga mu ba. Ma'aikatan laburare su fito daga ofis su bi ɗalibai har sassansu, tun da in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake. Malamai masu duba kundi su riƙa cewa a kawo musu shafin da aka ciro magana, ko da na 'yan majiyoyi kaɗan ne a kowane babi. Kai kuwa ɗalibi, kafin ka jingina wa wani magana a kundinka, tambayi kanka abu huɗu: wane ne ya faɗa, a ina aka buga, wa ya duba kafin a buga, kuma da idona na gani ko ji na yi? Abin da ka kasa amsa waɗannan a kansa kada ka sa shi, ko da babin zai rage kauri, domin kundi amana ce, na bayanka za su yi gini a kansa, kuma ranar kare shi kai za a tambaya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu da masaniya a kansa.